Ripeka da Ƙafar Kereama

A Korohu, idan gatari ya sauka a ƙwaurin mutum, ko waya ta yage masa hannu, ko wani tsohon miki ya ƙi jin magani, babu mai tsayawa tambayar inda za a kai shi. Ta bayan coci ake bi da shi, a gangara cikin itatuwan manuka, a zaunar da shi a kan katakon da ke bakin ƙaramin kwamin siminti, sannan a aika a kira Ripeka. Shekara arba'in da takwas ta yi tana wannan aiki, ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya taɓa tunanin sauke ta. Kakarta ce ta rasu ranar wata Talata, ranar Laraba aka kawo wani da bijimi ya huda wa cinya, aka waiwaya aka ga Ripeka ce tsaye kusa da sandar da kakar ke aiki da ita. Shekarunta goma sha tara a lokacin. Ƙafafu da hannuwan da suka bi ta gabanta tun daga ranar ba su ƙirguwa, har da na samarin da suka dawo daga yaƙi da ƙarfe a jiki, amma yau idan ana labarinta ƙafa ɗaya ake nufi, ta hagun mijinta Kereama.

Aikin ba shi da wani asiri. Sama da kwamin akwai marmaron da muke kira Kuia, wato Tsohuwa, saboda ba ta taɓa yin shiru ba, tafasa take tana gunaguni tun kafin a haifi kowa. Daga bakinta aka fafe 'yar magudana zuwa kwamin, aka toshe da tsumman buhu. Da sassafe Ripeka kan tarar da ruwan da ta tara tun jiya ya huce. Mai ciwo ya tsoma wurin ciwon kaɗai, ita kuma ta sa sandarta ta ɗaga tsumman, ruwan Kuia ya fara gangarowa. Akwai kafa uku a gefen kwamin, ta idon sawu, ta gwiwa, ta ƙugu. Takan buɗe wadda ta dace da ciwon, don haka ruwan ba ya ƙara zurfi, zafi kawai yake ƙarawa. Sai ta tambaya, "Ya isa?" Idan mai ciwo ya ce ya isa, ta mayar da tsumma. Daga nan ta rera waƙar coci biyu daga farko har Amin, da muryar da ba a taɓa roƙon ta shiga ƙungiyar mawaƙa ba, sannan mutum ya fito a naɗe masa ciwon. Safiya bakwai a jere ake yi. Yawancin mikin da aka kawo kan kame kafin ta bakwai. Wanda bai kame ba takan ce a kai shi asibiti, tana faɗa tana kallon wani wuri.

Ripeka ba ta taɓa ruwan. Wannan ba sai an yi wa ɗan Korohu bayani ba. Ita ce babbar mai girkin gidan taro, ko biki ko mutuwa ita ke tsaye a kan akwatunan tururi, ita ke cewa naman alade ya dahu, ita ke jefa jakar masara a marmaron girki ta ciro. Hannun da ke ba jama'a abinci ba ya shiga ruwan da aka wanke ciwo, kamar yadda ba a zama a kan tebur, ba a kuma haɗa tsumman goge kwano da kamfai a wanki ɗaya. Kakarta ma haka ta haɗa girki da kwami, kuma har ta mutu ko yatsa ba ta jiƙa a wurin ba. Abin da ta bar wa Ripeka shi ne sanda, da umarni ɗaya, cewa ta riƙa tambayar mai ciwon, tunda shi ne a cikin ruwan ba ita ba.

Tsarin bai taɓa ba su kunya ba, don babu mai iya yi wa Kuia ƙarya na dogon lokaci. Maza kan zo da cika baki. Nikora mai askin tumaki ya taɓa cewa a buɗe duka, shi a kofi ma zai sha ta. Matan da suka rako shi suka ƙirga masa, yana kaiwa sha ɗaya ya fara kiran sunan uwarsa.

Shi kuwa Kereama ko cika bakin bai yi ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu abokan aikinsa na dajin katako suka kawo shi, gatari ya zame ya buɗe masa ƙwauri. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, irin wanda 'yan mata ke ƙirƙiro dalilin bi ta gabansa. Ya tsoma ƙafa, Ripeka ta miƙa sanda, sandar ba ta ma kai ga tsumman ba.

"Ya isa," in ji shi.

"Ban buɗe ba."

"Na gani. Amma ya isa."

Da ruwan da jariri ma zai raina ta warkar da shi, shekara na zagayowa ta aure shi, kuma tun daga ranar bai huta ba. Duk wanda ya zauna a kan katakon nan sai ya ji labarin. A bikin 'ya'yansu uku ta ba da shi, kowane biki da ƙarin gishiri. Idan za ta zuba masa shayi sai ta tsayar da buta a sama ta ce, "In buɗe, ko ya isa?" Shi kuma ya ce, "Tsofaffi biyu Allah ya haɗa ni da su a garin nan, kuma duk biyun tafasa suke." Haka suka yi shekara arba'in da shida, yara suka watse birane, suka rage su biyu da kaji. Wanda bai san su ba zai ce faɗa suke, amma ba ta taɓa cin abinci kafin ya dawo ba.

A watan Yuni na shekarar da Kereama ya cika sittin da tara, lokacin da a wajenmu sanyi ke daskarar da raɓa a kan ciyawa, ya tashi da safe ya gyara akurki. Daga nan ya hau bas zuwa gari, ya sayi jaridar tseren dawakai, ya tsaya a bakin fili yana koya wa samari zari-ruga daga bayan shinge, ya dawo da yamma. Da ya zo cire takalmin roba sai safa ta ƙi rabuwa da ƙafa. Ripeka ta durƙusa ta ja. Ƙusa ce ta huda ƙasan takalmin ta zauna a tafin ƙafarsa ta hagu, kusa da yatsu.

"Tun yaushe abin nan yake ciki?"

"Da safe dai na gyara akurki."

"Da safe. Wato ka kai ƙusa gari, ka nuna mata wasa, ka dawo da ita gida."

"Ban ji ba."

"Ba ka ji ba. Kai da sauro ke cizo ka kwana biyu kana ba da labari."

"Tsufa ya sa na yi tauri, Peka. Ke ce ba kya lura."

Ta wanke, ta naɗe, ta ce gobe da sassafe sai kwami. Bai yi gardama ba, don in ba kwami ba sai asibiti, kuma tun da ƙanensa ya shiga can da ƙafarsa aka fito da shi a akwati, Kereama ko ta bakin ƙofar ba ya bi.

Ranar Talata da safe ta buɗe kafar idon sawu. Ya zauna a kan katako cikin kwat biyu, ya tsoma ƙafar, ya buɗe jarida. Tururi ya rufe wurin, amma a irin wannan sanyi ko ruwan ɗumi haka yake yi. Ta ɗaga tsumma.

"Ya isa?"

"Kin buɗe ne?"

Ta dube shi. Fuskarsa na cikin jarida.

"Na buɗe."

"To ƙara. Wannan ai ruwan rafi ne."

Ta ƙara. Ta ƙirga sha ɗaya a zuciyarta, daidai inda Nikora ya kira uwarsa, ta wuce. Ta kai ashirin.

"Tsoho, ya isa?"

"Ke dai kin matsu ki yi waƙa. To ya isa, tunda kin gaji."

Kowannensu ya koma gida da nasa bayanin. Kereama ya ce Kuia ce ta yi sanyi, saboda otal-otal ɗin gari sun huda ƙasa suna zuƙe mata ruwa, abin da kowa ke faɗa a shekarun nan. Ripeka kuwa ta san Kuia lafiyarta ƙalau. Ita abin da ta gani shi ne mutumin da aka yi wa dariya shekara arba'in da shida ya tashi ramawa. Cijewa ya yi, ya ɓoye fuska a jarida, yana jira ta ce ta sallama. Ta ji haushi, kuma a ƙarƙashin haushin ta ji daɗi. Da rana a kicin ɗin gidan taro, suna fere dankali, ta ce da Mereana mai taya ta girki, kamar ba wani abu ba, "Tsohon nan ya wuce Nikora yau." Kafin yamma duk Korohu ta ji. Maza suka riƙa leƙowa suna jinjina masa, yana amsawa daga kujera da ƙafa a kan akwati. Bai gane me ake yabo ba, amma bai ga dalilin ƙi ba.

Laraba ta kai ashirin da biyar. Alhamis ta kai talatin, kuma ƙafar ta fito ja har idon sawu kamar ya sa jar safa, da bororo biyu a bayanta. Da a hannun wata mata a kicin Ripeka ta ga wannan, da nan take ta kira shi da sunansa, ƙuna. Amma mutumin da ruwa ke ƙonawa yana magana, wannan kuwa dawakai yake karantawa. Sai ta tuna kakarta na cewa ruwa kan jawo dattin ciwo waje, abu ya ɓaci kafin ya gyaru, ta naɗe ƙafar ta kai shi gida.

A ranar Hariata ta zo. Ita ce nas ɗin da ke zagaya ƙauyukanmu da 'yar farar mota duk Alhamis, kuma 'yar ƙanen Ripeka ce. Ripeka ce ta yi renonta, ita ta share mata majina, don haka kakin asibiti bai taɓa burge ta ba. A bakin ƙofa ta tare ta.

"Goggo, an ce Baba ya taka ƙusa."

"An ce."

"In gani?"

"Yana barci."

Daga ciki Kereama ya yi tari, sannan ya fara minshari da ƙwazo.

"Goggo, minti ɗaya fa."

"Kwana uku ya yi, saura huɗu. In bai kame ba ranar Litinin, ki zo ki kwashe shi da jaridarsa."

"Har yanzu yana shan ruwa kamar doki?"

"Yana sha. Ruwa ma ya zama laifi?"

"Kuma cokali huɗu na suga a shayi."

"Biyar. Ya sami ƙarin girma."

Hariata ta sauya jakarta daga wannan hannu zuwa wancan. "Ina ma'aunin zafin da na kawo miki bara?"

"Yana bangon kicin yana aikinsa. Ɗazu ya ce ana sanyi, kuma bai yi ƙarya ba."

"Na kwami ne, Goggo."

"Mai ciwo na da baki, 'yata. Ana tambaya, yana amsawa."

A gari Hariata na iya tura ƙofar kowa ta shiga, amma a nan goggonta ce tsaye a bakin ƙofa. Ta ajiye bandeji da kwalbar magani a kan dakali, ta ce Litinin da safe za ta dawo, kuma ba tambaya za ta zo yi ba. Daga baya ta sha cewa wannan Alhamis ɗin ce ba za ta yafe wa kanta ba.

Ranar Asabar bororon suka fashe, yatsu biyu suka yi duhu, kuma wani wari ya tashi wanda ya fi ƙarfin warin farar wutar da muka saba da shi. Nan tsoro ya kama Ripeka, tsoro na gaske. Wannan ƙafar ce ta fara kawo mata shi, ita ta warkar da ita, har yanzu tabon gatarin na nan a ƙwaurin, kuma ga ta tana lalacewa a hannunta. Ta tabbata akwai inda aka yi kuskure, sai ta je nemansa inda kakarta za ta nema. Ta zagaya kwamin a sunkuye sau uku. A gindin wata manuka ta tsinci ɓawon lemo.

Wani ya ci abinci a bakin ruwan ciwo. Ba sai an yi bincike ba, baƙin nan ne 'yan yawon buɗe ido masu ɗaukar hoto, waɗanda ke toshe hanci da hannu ɗaya suna cin abu da ɗayan. Ta soke ɓawon a bakin sanda, ta ratsa tsakiyar ƙauye da shi a gaba kamar tuta, har gidan limamin coci. Ya bar shayinsa ya zo ya yi addu'a a kan kwamin. Ta zubar da ruwan, ta goge simintin da doguwar tsintsiya, ta sauya tsumma sabo. Ta koma gida hankalinta ya ɗan kwanta, don an gano cutar. Ta kuma ƙudura cewa tunda an yi asarar kwana biyar, gobe za ta bar shi ya ɗauki duk zafin da zai iya.

Ranar Lahadi sanyin ya fi na kullum. Ta ɗaga tsumma, ta ƙirga ashirin, talatin, arba'in.

"Ya isa?"

"Peka, in rowar ruwa kike yi ki faɗa mini. Ba naki ba ne, na Tsohuwa ne."

Ya buɗe baki zai ƙara wata, sai atishawa ta riga shi. Haƙoran robarsa na sama suka fita, suka bugi jarida, suka faɗa cikin kwamin kusa da ƙafarsa. Ya sunkuya ya tsoma hannu.

Ƙarar da ya yi har limamin coci ya ji ta yana sa riga. Ya fizgo hannun ya soke a hammata yana lanƙwashewa, jaridar ta bi ruwa. Ya fito da hannun ya duba, ya yi ja har wuyan hannu. Ya dubi ƙasa. Ƙafarsa na nan cikin ruwan a zaune lafiya, kamar ta wani ce aka ba shi ajiya.

"Peka," ya ce da bakinsa mara haƙora, "ruwan nan fa tafasasshe ne."

Ripeka ba ta san lokacin da ta saki sandar ba. Ta dai ga kanta a durƙushe, hannayenta biyu cikin ruwan, ta tallafo ƙafar ta ɗora a cinyarta. Zafin ya ratsa ta har cikin haƙori. Ta dubi abin da ke kan cinyarta. Shekara hamsin tana yi wa jama'a girki, ta san nama idan ya dahu.

Daga gidan limamin aka yi wa Hariata waya. Ta zo ba kaki, da rigar zuwa coci, ta duba ƙafar, ta duba hannayen goggonta, ta ce, "Goggo, ki shiga bayan mota ki riƙe masa kai." A asibiti likita ya sa Kereama ya rufe ido, ya ɗauki allura ya fara tsikarinsa daga yatsu yana hawa. Yatsu shiru, diddige shiru, idon sawu shiru, sai can ƙasan gwiwa Kereama ya ce wash. Ciwon suga ne, in ji likitan, ya daɗe yana cin jijiyoyin a hankali, ƙafar ta yi shekaru ba ta jin komai. Ta dama ma ta kama hanya. Kwana goma sha ɗaya suka yi suna neman ceton ta hagun, a na sha biyu suka yanke ta ƙasan gwiwa, kusa da inda allurar ta fara samun amsa. Tabon gatarin ya tafi tare da ita.

Ripeka ta zauna a gefen gadonsa da hannaye biyu cikin bandeji. Ba ta yi kuka ba, ba ta iya shi a gaban mutane ba.

"Ni na dafa ta," ta ce.

"Ni na ce ki ƙara."

"Har kicin na je na yi alfahari da kai."

"Na ji labari. Sau ɗaya ke nan a shekara arba'in da shida. Ya yi tsada, amma na ji daɗinsa." Ya lashi dasashinsa. "Ina haƙorana?"

Haƙoran an ciro su da sanda, amma abin da ya kwana a ruwan ciwo ba ya komawa baki, shi ma da ya tambaya ya sani. A gindin manuka aka binne su, ba nesa da inda aka tsinci ɓawon lemon ba. Mako uku ya yi yana shan romo kafin sababbi su zo, shayi kuma babu suga ko cokali ɗaya, kuma wannan ya fi yi wa kuka a kan ƙafar.

Yana asibiti aka yi rasuwa a Korohu, wani dattijo, aka hura akwatunan tururi. Ripeka ta shiga kicin ɗin gidan taro da safe, bandeji ya riga ya fita, mata suka matsa mata wuri kamar kullum. Ba ta je wurin ba. Ta ciro rigar girkinta daga ƙusa, ta ɗauko babban ludayin da ba mai taɓawa sai ita, ta miƙa wa Mereana.

"Yaya, mene ne haka?"

"Hannuna ya shiga ruwan ciwo."

"Ai mun sani. Lalura ce. Limami ya ce zai yi addu'a a kai, shi ke nan ya wuce."

"Kada ya wahalar da kansa. Gobe ma hannun zai shiga."

Kowa a wurin ya san girkin nan shi ne girman Ripeka, a ƙauyuka biyar ana maganar kek ɗin da take turarawa a gwangwani. Mereana ta karɓi ludayin da hannu biyu. Ripeka ta gaya mata gishirinta kan yi yawa, ta kula, sannan ta fita. Daga ranar, a biki ko a mutuwa, tana zama a tebur tare da baƙi a kawo mata faranti, tana ci tana ɓata fuska.

A kwami kuwa ta ci gaba da tambaya, don ba ta ga dalilin daina ladabi ba, amma kafin kowa ya tsoma ko yatsa takan naɗe hannun riga ta sa gwiwar hannunta a ruwan, kuma tana nan a ciki har a mayar da tsumma. Idan gwiwarta ta ce ya isa, ya isa, ko mai ciwo ya yarda ko kada ya yarda. Duk wanda aka kawo da ciwon ƙafa sai ta fara sa shi rufe ido ta tsikare shi da ƙaya, wanda bai ce wash ba ta haɗa shi da Hariata. Ma'aunin zafin ma ya sauko daga bango, ta rataye shi a reshen manuka, inda yake ci gaba da ba da labarin iska. Maza suka yi ta ƙorafi cewa ta kashe gasar. Nikora ya ce yanzu ba wanda zai iya karya tarihin Kereama, ta ce masa in yana so ya gwada, ga sandar, ƙafa biyu gare shi.

Sai a watan Nuwamba, da rana ta fara ɗumi, likita ya ce dungun ya warke, ruwan ɗumi ba zai yi masa komai ba. Kereama ya gangaro ta bayan coci da sanduna biyu a hammata, yana tsayawa yana hutawa, Ripeka na biye da shi ba ta taɓa shi ba don ya hana. Ya zauna a kan katako, ya ajiye sandunan, ya naɗe ƙafar wandon da aka maƙale da fil. Tun jiya ta cika kwamin har kafar ƙugu don ruwan ya iso gare shi. Ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu. Ruwan jiya ne, ya huce, ɗumin rana kaɗai ke cikinsa.

Ya sauke dungun a hankali. Fatar sabuwa ce, tana taɓa ruwan ya ɗaga kafaɗa ya ja iska ta haƙora. Ripeka ta ɗauki sanda da ɗaya hannun ta miƙa, sandar ba ta kai ga tsumman ba.

"Ya isa," in ji Kereama.

Ta tsaya da sandar a sama. Amsar na bakinta, duk Korohu ta san ta, yara ma sun haddace. Shekara arba'in da shida tana yi masa dariya a kan wannan kalma, kuma da ya iya faɗinta a watan Yuni da yanzu ƙafa biyu ce a cikin ruwan. Ba ta taɓa jin magana mai daɗi kamarta ba, ba ta kuma taɓa jin wadda ta yi mata ciwo haka ba. Ta ajiye sandar.

"Ba za ki faɗa ba?" ya ce.

"A'a."

"Faɗi mana, Peka. Na saba."

Ta zauna kusa da shi a kan katakon, hannunta na ɗigar ruwa a kan siket. Ta daɗe tana kallon tsumman.

"Ban buɗe ba," ta ce, muryar ta karye a tsakiya.

"Na gani," in ji shi. Ya laluba aljihun kwat ya ciro jarida. "To yi waƙar, ruwan na hucewa."